Mai Madubi Da Marar Madubi

Shafi na 27

Assalamu alaikum mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da masu cewa ɓoyewa na yi don in ja muku rai. Wallahi wayata ce ta faɗa bokitin wanki. 'Yan ɓangaren Baba Labaran da 'yan ɓangaren Najwa, ku daina faɗa a ƙarƙashin rubutuna, kowa ya gyara zama. Shafin yau babu wanda zai yi dariya a cikinsa.

*

Tun daga bakin get ɗin zauren taron da ke Wuse Najwa ta ci karo da fuskarta.

Ga ta nan a jikin wani ƙaton allo, tana murmushi, rungume da sabuwar kyamarar Mizora marar madubi. A ƙasan hoton an rubuta GOBE. A ɗaya ɓangaren kuma ga mahaifinta, Baba Labaran Mai Hoto, da hularsa a karkace, tsohuwar kyamararsa ta Torika mai madubi rataye a wuya. Shi kuma an rubuta masa JIYA.

Tsayawa ta yi cak, har mai mota na bayanta ya danna mata hon.

Ba haka aka yi da ita ba. Ce mata aka yi baje kolin kyamarori ne, a ƙarshe a ɗan yi gwaji na raha tsakanin uba da 'ya, kowa ya ɗauki hoto da irin tasa, jama'a su gani a majigi. Babu wanda ya ce mata za a rubuta wa babanta JIYA a gaban duk masu hoton Abuja.

"My star! Kin iso?"

Madam Rita ce, wakiliyar kamfanin Mizora, ta taho tana ƙwas-ƙwas da dogon takalmi, wayoyi biyu a hannu.

"Madam, wa ya rubuta wancan abin a ƙarƙashin hoton babana?"

"Ah, talla ne kawai, my dear. Kar ki damu kanki. Je ki gyara fuska, hall ya cika."

Ba ta tsaya jin amsa ba ta wuce.

Najwa ta sake ɗaga kai ta kalli hoton Baba. Watanni ke nan rabon da su zauna da Baba su yi magana ta fahimta, tun ranar da ta kai masa sabuwar kyamarar har shagonsa na Dutse Alhaji ta ce masa duniya ta juya, manyan kamfanoni duk sun koma kan marar madubi, gara su sauya tun da wuri. Ture ta ya yi gefe. Ya ce kyamarar da ba ta magana ba kyamara ba ce, waya ce aka yi wa hanci. Ita ma ta faɗi maganganun da har yau take jin kunyarsu. Ta kwashe kayanta ta koma Gwarinpa, shi kuma ya tara 'yan ƙungiyarsu ta masu hoto, tun daga Kubwa har Bwari, ya ce kada wanda ya rabu da kyamararsa. Kuma babu wanda ya rabu da ita, don maganarsa suke ji.

Da safen nan Umma ta kira ta.

"Ko me ke tsakaninku, ki je ki durƙusa ki gaishe shi kafin ku hau gaban mutane. Ubanki ne."

Shi ya sa ta bi ta bayan zauren, ta nemi ɗakin da aka ware masa.

Ƙofar a buɗe take. Yana zaune shi kaɗai a kan kujerar roba, cikin farar shaddarsa ta Juma'a, yana goge gilashin kyamara da ɗan ƙyalle. Ta shiga ta tsaya ta hagunsa, kusa da shi sosai, har tana jin ƙanshin turaren da ta sani tun tana yarinya. Ta jira ya ɗago.

Bai ɗago ba.

Ranta ya sosu. Wato har yanzu fushin ne? Kallo ma ba ta isa ya yi mata ba?

Sai murfin gilashin ya suɓuce daga cinyarsa ya faɗi, ya gangaro ya kwanta daidai gefen takalminsa na hagu, baƙi a kan farin tayil. Ya sunkuya. Ya shafa ƙasa ta nan, ya shafa ta can. Hannunsa ya wuce ta gefen murfin bai taɓa shi ba. Ya juyo da fuskarsa saitin inda take tsaye, idanunsa a buɗe tar, suka bi ta kanta suka wuce kamar bango ce.

Ya ɗan shaƙi iska.

"Wace ce? Yarinyar da na aika ce? In ruwan ne ajiye min a kan tebur, Allah Ya yi albarka."

Najwa ta ƙura masa ido.

"Baba..."

Hannunsa ya tsaya a ƙasa. Ya jima a haka kafin ya ɗago a hankali, ya juyo da kansa gaba ɗaya har sai da idonsa na dama ya daidaita da fuskarta.

"Najwa. Yaushe kika shigo?"

"Na jima, Baba."

"Hankalina ne ya tafi wani wuri."

Ta ɗaga hannunta, ta kai shi gefen fuskarsa ta hagu, ta kaɗa. Ƙwayar idon ko motsi ba ta yi ba.

"Sauke hannunki," ya ce a hankali. "Ina jin iskarsa."

Ta zube a gabansa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, me nake gani? Me ya samu idonka?"

"Rufe ƙofar tukuna."

Da rarrafe ta tura ƙofar ta dawo.

"Hawan jinin ido ne, in ji likita. Ya daɗe yana ci ban sani ba. Na hagun ya tafi tun kafin azumi. Na daman kuma..." Ya dunƙule hannu ya bar ɗan rami a tsakiya, ya nuna mata. "Kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Abin da ke tsakiya ina ganinsa sarai. Abin da ke gefe babu."

"Umma ta sani?"

"Ta ɗauka tsufa ne ke sa ni tuntuɓe da buta."

"Yaya Amir fa?"

"Babu wanda ya sani sai Innocent. Shi ya lura, shi ya sa ni a motarsa ya kai ni asibitin ido. Ya riƙe min sirrina, Allah Ya saka masa."

Oga Innocent shi ne wakilin kamfanin Torika, mai shagon kyamarori a Wuse, abokin Baba tun Najwa ba ta shiga firamare ba. Shi ne yake kawo musu shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, su kuma su aika masa naman Sallah.

"Baba, me ya sa ba ka gaya min ba? Ranar da na kawo maka kyamarar nan har na ce maka..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Kika ce min na tsaya a baya kamar agogon da ya mutu." Ya ɗan murmusa. "Ban manta ba. Kin san na gwada ta? Da kika fita kina fushi kika bar ta a kan benci, na ɗauka na kai idona. Ɗan talabijin ɗin da suka sa a ciki ya watso min haske kamar barkono. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Ban san ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba." Ya shafa Torikar da ke cinyarsa. "Wannan kuwa in madubinta ya ɗaga ya ce ƙas, ina ji a tafin hannuna, ina ji a goshina. Na san aiki ya yi. In aka raba ni da ita, Najwa, an gama raba ni da sana'a."

"Ai ana kunna mata sauti, Baba! Kuma ita da kanta take nemo idon mutum ta kama, ba sai ka wahala ba. Da ka gaya min da na..."

"Da kin ji tausayina. Ba na so."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"To ka fasa hawa. Don Allah don Annabi ka fasa. Ka ce ba ka da lafiya. Ni ma in fasa, mu tafi gida."

"Kin ga motocin da ke waje? Mutanena ne, daga Bwari, daga Dutse, daga Kubwa. Wasu sun rufe shago sun zo. Yanzu amarya sai ta tambayi mai hoto wace irin kyamara gare shi kafin ta ba shi aiki. In na gudu yau, gobe duk mai riƙe da irin tawa ya zama abin dariya a wurin biki, kuma ba kowa ke da halin sauyawa ba. Akwai wanda da ita ya aurar da 'ya'yansa." Ya gyara hularsa. "Kuma abin bai kai yadda kike tsoro ba. Mun gama magana da Innocent. Yarinya za a zaunar a kujera cikin kayan amare, haske tsayayye, ba motsi. Wannan ko ido a rufe zan ɗauka, kuma in na ɗauka ke ma kin san ba za ki kamo ni ba."

Najwa ta daina kuka lokaci guda.

"Amarya a kujera?"

"Haka muka yi."

"Baba... 'yan rawa ne."

"Me kika ce?"

"'Yan rawar Gbagyi ne aka ɗauko daga Kuje. Za a rage hasken zauren a kunna fitilu masu walƙiya. Tun makon jiya Madam Rita ta gaya min, har gwaji na yi da su. Ta ce ɓangarorin biyu duk sun amince, ta ce Oga Innocent ne ma ya kawo shawarar."

Daga nesa ana jin mai gabatarwa yana gwada makirufo.

"Ba ki ji daidai ba," Baba ya ce. Muryarsa ta sauya. "Innocent ba zai yi min haka ba."

"Baba..."

"Na ce ba zai yi ba!"

Miƙewa ta yi ta fice da gudu.

Rumfar Torika babu kowa sai wata yarinya tana danna waya. Ta ce oga ya zaga baya. Najwa ta bi ta lungun da ke bayan dandamali, tana tsallake wayoyin lantarki, har ta jiyo dariyarsa daga bayan labulen rumfar Mizora.

Ta yaye labulen.

Oga Innocent na tsaye a gaban madubi, ya cire babbar rigarsa ya rataye, yana gwada wata shuɗiyar riga mai tambarin Mizora a ƙirji. Madam Rita na gyara masa kwala. A jingine da bango ga wani allo an lulluɓe da zane. Najwa ba ta nemi izini ba ta fizge zanen.

Hotonsu ne su biyu suna musabaha. A sama an rubuta: INNOCENT DA RITA, GIDAN MIZORA NA ABUJA. KAWO TSOHUWA KA KARƁI SABUWA.

"Najwa, my daughter..." Innocent ya fara, yana ƙoƙarin jawo babbar rigar ya rufe ƙirjinsa.

"Kar ka ce min daughter!"

"Ka kwantar da hankali, ka saurara," Innocent ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo.

"Kai ka kai shi asibiti! Kai kaɗai ka san ba ya gani! Ka ce masa amarya ce a kujera, ka je ka ɗauko masa 'yan rawa a cikin duhu?"

Madam Rita ta kalli Innocent ta taɓe baki.

"Na gaya maka kar a bar ta ta shiga ɗakin babanta."

Najwa ta juya ta kalle ta.

"Ke ma kin sani?"

"Kasuwanci ne, Najwa. Ba gaba ba ce."

Innocent ya zauna a kan kwali, ya goge zufa. Ya tsufa a idonta cikin ɗan lokacin nan.

"Ka ji ni da kyau. Torika sun kira mu, duk wakilai. Sun rufe layin mai madubi. Ba sabon kyamara, ba sabon lens, kayan gyara ma in wanda ke ƙasa ya ƙare shi ke nan. Kamfanoni suna yaƙi a can sama, kowa yana so ya riga kowa, Torika ya makara, yanzu yana gudu yana bin baya. Ni fa? In zauna da shago cike da abin da mai shi ma ya jefar? Ina da yara a makaranta."

"Sai ka gaya masa gaskiya!"

"Na gaya masa! Na ce Labaran, this thing don finish. Ya ce ko kamfani ya mutu kyamara bai mutu ba, za ta yi shekara ashirin tana aiki."

"Ai gaskiya ya faɗa! Kyamarorin nan lafiyarsu ƙalau!"

"Gaskiya ne," Rita ta karɓe. "Shi ne matsalar. Muddin babanki yana faɗin haka, mutanensa ba za su sauya ba, kuma su ne kasuwar. Na yi talla a rediyo, na yi a Instagram, na ba da kyauta, babu wanda ya motsa. Kowa sai ya ce sai abin da Baba ya ce. To yau za su gani da idonsu."

"Su ga makaho ya kasa ɗaukar hoto, ku ce laifin kyamara ne."

"Exactly. Laifin kyamara. Ba nasa ba." Rita ta matso, ta sassauta murya. "Ki yi tunani. In hotunansa suka fito dishi-dishi, kowa zai ce tsohuwar kyamara ce ta kasa bin 'yan rawa. Zai sauka da mutuncinsa, sirrinsa a rufe. Mun ma shirya ba shi kyautar girmamawa."

"Ba zan hau ba."

"To."

"Na ce ba zan hau ba! Ga kyamararku!"

Ta cire igiyar daga wuya. Rita ba ta miƙa hannu ba.

"In ba ki hau ba, dole in yi wa jama'a bayani. 'Yan jarida suna nan, ana haska taron kai tsaye. Zan ce 'yarsa ta janye saboda tausayi, don Baba Labaran ya rasa idonsa. Daga gobe wace uwar amarya za ta kira shi? Wa zai sake shiga shagonsa ko don hoton fasfo?"

"Rita, ba mu yi haka da ke ba," Innocent ya ce da sauri.

"Kai ka yi shiru. Ka riga ka sa riga."

Najwa ta dube shi. Mutumin da ya taɓa ɗaukarta a kafaɗa a wurin bikin wani minista don ta hango ango. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Daga cikin zaure muryar mai gabatarwa ta cika ko'ina.

"Jama'a, lokacin da muke jira ya yi! Jiya da gobe! Mai madubi da marar madubi! Uba da 'yarsa!"

Tafi ya ɓarke.

A ƙasan matakalar dandamali ta same shi, yana tsaye ƙyam, hannunsa ɗaya riƙe da ƙarfen matakalar. Ta zagaya ta damansa don ya gan ta.

"Baba, gaskiya ne. Na gan shi da idona sanye da rigar Mizora. Sun haɗe da Madam Rita. Torika ma sun daina yin irin taka."

Ta ƙara matsawa kusa da kunnensa.

"In na janye za su faɗa wa duniya maganar idonka. In na hau kuma... Baba, ka gaya min yadda zan yi."

"Innocent ɗin?" ya tambaya, kamar bai ji sauran ba.

"Shi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗaga kyamararsa ya hura ƙurar da babu ita.

"Za mu hau. Kuma ki ɗauki hotonki yadda na koya miki. In kika lalata aikinki da gangan don ki rufa min asiri, ban yafe ba."

"Baba, don Allah..."

"Wuce gaba. In ga farin mayafinki in bi."

Haka suka hau, tana gaba yana biye. Zauren ya cika maƙil. A layukan gaba 'yan gayu ne masu ɗaukar bidiyo da wayoyi a sama. Can baya kuwa mutanen Baba ne, kowa da baƙar kyamararsa a wuya, suka miƙe tsaye gaba ɗaya suna kiran "Sai Baba! Sai mai madubi!" Ya ɗaga musu hannu, saitin da ya ji muryoyin.

Wani ma'aikaci ya zo ya haɗa kyamarorin biyu da majigi. Aka raba ƙaton allon gida biyu, hagu na Baba, dama nata. Duk hoton da aka ɗauka nan take zai fito.

Aka rage haske.

Ganguna suka tashi.

'Yan rawa suka ɓullo ta gefe biyu, maza da mata, ƙafafunsu ɗaure da kacau-kacau, suna juyi suna tsalle, fitilu ja da kore suna walƙiya a kansu. Najwa ta kai kyamara ido, amma yatsanta ya ƙi dannawa.

Ƙas!

Ta ji ƙarar kyamarar Baba.

Ƙas! Ƙas!

Hoton farko ya faɗo a allon hagu. Rabin kafaɗar mutum ne da duhu. Na biyu, labule. Na uku wani jan abu ne da ba a gane ko mene ne ba.

Wani ya tuntsire da dariya a layin gaba. Wasu suka taya shi.

"Ah ah, Baba, kyamara ta gaji ne?" mai gabatarwa ya ce cikin raha. Aka sake kwashewa.

Can baya kuwa kiran "Sai Baba" ya mutu. Tana hango su a tsaye, sun zuba wa allon ido, wani dattijo ya ɗora hannu biyu a ka.

Ba ta san lokacin da ta juyar da kyamararta daga kan 'yan rawa ba. Ta cikinta take kallonsa yanzu. Zufa ta jiƙa wuyan shaddarsa. Yana kai bakin kyamarar dama, kafin ya kama mai rawa ta fice daga ɗan ramin da yake gani, ya koma hagu, nan ma ta fice. Leɓensa na motsi, ta san salati yake yi.

Sai ta ga ya ja da baya.

Ta gane abin da yake nufi. So yake ya yi nisa da su don su shigo masa gaba ɗaya. Ya sake ja.

Ƙas!

Wannan karon hoton ya fito. Wata mai rawa ce a sama, ƙafafunta biyu sun bar ƙasa, bakinta a buɗe tana dariya, jan haske ya zuba a gefen fuskarta. Tar da shi, kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta.

Zauren ya ɗauki "Kai!" Mutanen baya suka ɓarke da kabbara da ihu.

Baba ya ji su. Ta ga murmushi ya suɓuce masa a bayan kyamarar. Ya kusa samun nisan da yake nema, saura kaɗan. Ya ƙara ja da baya.

A nan ta ga diddigensa.

Rabinsa a kan katako, rabinsa a iska.

"BABA!"

Ganguna suka haɗiye muryarta. Jikinta gaba ɗaya ya ƙanƙame, hannunta ya damƙe kyamarar. Ta ga ƙafarsa ta nemi ƙasa ta rasa. Ta ga hularsa ta tashi. Bai saki Torikar ba, rungume ta ya yi a ƙirji da hannu biyu, ya tafi ta baya.

Ƙarar faɗuwarsa ta fi ta ganguna.

Ta yar da abin da ke hannunta ta diro daga dandamalin, ba ta ma bi ta matakala ba. Yana kwance rigingine a kan tayil, jini na bin bayan kunnensa. Ta tallafo kansa ta ɗora a cinyarta.

"Baba! Baba, ka yi magana! Ku kawo mota! Don Allah ku kawo mota!"

Aka kunna fitilun zauren duka, wuri ya yi fes kamar tsakar rana. Amma babu wanda ya matso. Shirun ya yi mata yawa, ta ɗago.

Ba su suke kallo ba. Allo suke kallo.

Ta waiga.

Ɓangaren dama, nata, wanda tun da aka fara babu komai a kansa, yanzu ya cika. Lokacin da ta damƙe kyamarar ashe yatsanta a kan maɓalli yake, ita kuwa ba ta da ƙara, ta yi ta ɗauka a jere Najwa ba ta ji ba. Ga su nan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Baba diddigensa a iska. Baba bakinsa a buɗe. Baba hularsa ta rabu da kansa. Kowane da kyau, babu dishi ko kaɗan, har ɗan farin da ya fara rufe ƙwayar idonsa na hagu ana gani. A ƙasan kowane hoto ga tambarin Mizora, ga sunanta.

"A kashe! A kashe majigin nan!" Innocent ne yake ihu yana ture mutane, shuɗiyar rigar a jikinsa kowa na gani.

"Leave it!" muryar Madam Rita ta tsaga tasa. "Kar wanda ya taɓa!"

Wayoyi suka ɗaga sama kamar an ba da umarni.

Hannun Baba ya motsa. Ya lalubo fuskarta, yatsunsa suka bi hawayenta.

"Najwa..."

"Na'am Baba, ga ni! Ga ni nan!"

Idanunsa biyu a buɗe suke, saitin wata ƙatuwar fitila da ke ci a saman rufin, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Ki ce su kunna wuta mana," ya ce. "An gama rawar ai."